Ko da An Rufe Ƙofa

A shekarun da littattafan soyayya suka fara cika kasuwar Kano, ina aiki a ƙaramin asibitin wani kamfanin alewa da biskit a Bompai. Aikina rubuta kati. Wanda inji ya yanka a yatsa, da wadda zazzaɓi ya kayar, duk sai sun tsaya a teburina kafin su ga Sista, ma'aikaciyar jinyarmu. Tun daga bakin get ƙamshin ƙonannen sukari yake tarar mutum, har mayafina ma da shi yake komawa gida. A ƙarƙashin katunan nan kuwa kullum akwai littafi a ɓoye. Na karanta su har na haddace yadda namiji mai so yake kallo, da yadda yake yin shiru, da abin da shirun nasa yake nufi. Haka dai na ɗauka a lokacin.

Auren so muka yi da maigidana. Lokacin da yake nemana a kamfanin jimar fata yake aiki a Challawa, amma muna tarewa a Dakata ya nemi aikin sito a wani kamfanin roba da ke bayan namu. Ya ce yana so ya kasance kusa da ni. Ya daina shiga motar haya ta kiya-kiya, ya sayi keke, wai ya fi son shan iska. Ya daina cin abincin masu tuwo-tuwo na bakin kamfani, sai wanda na dafa na zuba masa a kwano mai murfi. Babu ƙawar da ban ba wannan labari ba. Ina ganin kaina a matsayin yarinyar da ake zanawa a bangon littafi, mai riƙe da fure.

Sai Allah ya ba mu 'ya mace, 'yar fari.

A makon suna, ko inda take bai kalla ba. 'Yan'uwa suka yi ta yabonsa. Surukata Inna ta ce, "Haka ubansa yake. Mu gidanmu akwai kunyar ɗan fari." Ni ma na ji daɗi, don kowa ya san ba a rawar kai da ɗan fari a gaban manya. Amma baƙi suka watse, na gama wankan jego, na koma aiki, yarinya ta fara zama, ta fara miƙa hannu, shi kuwa yana nan yadda yake. In ya dawo sai ya tsaya daga bakin ƙofa, hannayensa a baya, ya yi mata murmushi kamar 'yar maƙwabta. Ya daina zama a bakin gado, ya samo wata kujerar ƙarfe ya ajiye a lungu. Da ta fara rarrafe, in ta nufi wajensa sai ya miƙe, ya naɗe dardumarsa, ya tuna akwai abin da zai gyara a jikin keke.

A littattafaina dalili ɗaya ne yake sa namiji ya yi haka: zuciyarsa ta bar gidan. Wani lokaci in ce namiji ya so aka ba shi mace. Wani lokaci in ce ni ce na fita daga ransa, yarinyar kuma tana biyan laifina. Ban tambaye shi ba, domin 'yan matan littafi ba sa tambaya, kuka suke yi a ɓoye su rame. Sai na yanke shawara ni kaɗai cewa zan ɗauki 'yata in koma gidanmu a Hotoro, ba zan dawo ba sai manya sun zauna. Dama a can nake barinta wajen mahaifiyata in zan tafi aiki. Na fara kwashe zannuwana, yau ɗaya gobe biyu, a ƙarƙashin kayan yarinya. Abin da ya riƙe ni kawai shi ne wani aiki da na yi wa wata likita alkawarin gamawa.

Likitar 'yar ƙasar Iran ce, matar wani injiniya Bakano da ya yi karatu a can ya auro ta. Likitar ƙwaƙwalwa ce a babban asibiti, amma takan zagaya asibitocin kamfanoni. Wata rana ta zo mana da wasu takardu da aka rubuta da Farisanci. Haruffan irin na ajami ne, sai dai na kasa karanta ko kalma ɗaya. Na tambaye ta ko waƙa ce. Ta yi dariya ta ce tambayoyi ne da take yi wa masu ciwon waswasi a ƙasarsu.

Sista, wata Kirista 'yar Filato mai faɗa da kirki a haɗe, ita take fassara mini in Turancin ya yi nisa. Likita ta ce mai waswasi ba kullum ake ganinsa yana wanki ba. Wani ya gaji da wankin, sai ya shirya rayuwarsa yadda ba zai taɓa abin da zai sa shi wanki ba. In ka tambaye shi sau nawa yake wanke hannu, sai ya fito lafiya lau. Shi ya sa tambayoyinta ba sa neman abin da mutum yake yi, abin da ya daina yi suke nema. Na saurara, na gyaɗa kai, ban ko tuna da gidana ba. Maigidana ba mai doguwar alwala ba ne.

Ta ce takardar ma'auni ce, kuma mudun ƙasarsu ba lalle ne ya yi daidai da tiyar Kano ba, sai an gwada. Ita ta mayar da tambayoyin Turanci, ni da Sista muka mayar da su Hausa, aka ba wani malamin sakandare Hausar ya sake mayarwa Turanci ba tare da ya ga na farkon ba, don a ga ko ma'anar ta zube a hanya. Bayan nan za a karanta su ga marasa lafiyarta, a karanta ga lafiyayyun ma'aikata, a bar 'yan makonni a sake komawa kan mutanen a ji ko amsarsu tana nan. Ni aka zaɓa in riƙa karantawa, wai muryata ba ta tsorata mutane.

Haka muka riƙa shiga motarta Fijo, yau Sharada, gobe Challawa, jibi mu tsaya Bompai. Lokacin hutun cin abinci ake ba mu. In zauna da mutum a gefe in karanta masa: Akwai hanyar da kake kauce wa bi? Akwai sunan da ba ka iya faɗa? Akwai inda ba ka cin abinci? Kana guje wa ɗaukar jariri?

Da Likita ta tattara amsoshin, sai ta zo ofishinmu ta zauna ta cire tabarau. Ta ce ko dai takardarta ta lalace, ko kuma rabin ma'aikatan Kano suna bukatar gado a asibitinta. Lafiyayyun nan, musamman 'yan ƙauyukan gefen Challawa da Sharada, sun fi marasa lafiyarta yawan abin da suke gudu. Ta ce ba za ta zauna a ofis tana zato ba, gobe za ta zauna kusa da ni ta ji da kunnenta.

A gindin wata dalbejiya muka zauna, a bayan kamfanin jima na Challawa, warin fata da gishiri yana busowa. Wanda ya fara zuwa wani dattijo ne, manomi ɗan garin, da rani yake shanya fatu a kamfanin. Ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, abokan aikinsa su zauna. Suka zauna da kwanukansu.

Na ce, "Baba, akwai hanyar da kuke kauce wa bi?"

"Akwai mana. Layin bayan masallaci."

Likita ta sa Sista ta tambaye shi me yake layin.

"Surukata."

"Tsoronta kuke ji?"

"Tsoro? Ai ita ma in ta hango ni katanga take bi. Tun ina da baƙin gemu muke wannan tsere, har yau babu wanda ya kama wani."

Aka kwashe da dariya. Sista tana fassarawa tana share hawaye. Ta ce wa Likita ita ma da ta zo Kano, ta daɗe tana zaton matan unguwarsu sun manta sunan mazajensu ne.

Na kai tambayar jariri. Dattijon ya gyara hula ya ce, "Ɗana na fari ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ko sunansa ba na faɗa."

Likita ba ta jira fassara ba, don ta tsinci ƙarshen maganar. Da Hausarta mai karkacewa ta ce, "Baba, in babu mutane fa?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya yadda kowa zai ji. "Hajiya Likita, ki rufa mini asiri. In an saki labule, har doki nake zama masa. Ya hau bayana yana dukana da ludayi, uwarsa tana dariya. Yanzu ga shi can direban tirela, ya fi ni tsawo."

Wani daga cikin masu kwano ya ce, "Ashe Baba doki ne! Shi ya sa ba ya gajiya da ɗaukar fata."

Dattijon ya ce, "Kai kuma jakin wa ne? Matarka ta gaya wa tawa komai."

Likita ta yi dariya har ta riƙe ciki. A mota ta ce su ma a ƙasarsu akwai irin wannan kara, inda mutum zai ƙi abin da yake so don girmama wani, amma ba ta taɓa tunanin za ta shigar mata takarda ba. A ranar ta ƙara wa kowace tambaya wutsiya: ko da an rufe ƙofa, babu mai ganinka? Aikin ya koma farko. Na yi tsaki a zuciyata, don tafiyata Hotoro ta ƙara nisa.

Muka sake zagayawa. Wutsiyar nan na yi ta karantawa har ta zame mini kamar amshin waƙa. Lafiyayyu da sun ji ta sai su yi murmushi su sunkuyar da kai, wani ya ce, "Haba 'yar nan, wannan kuma sirrin ɗaki ne." Amsoshinsu suka sauko. Sai ranar da Likita ta kai ni wajen wata mara lafiyarta, mai aiki a masaƙa a Sharada, wadda ta daina taɓa wuƙa, ta daina girki. Na karanta mata tambayar, na ƙara wutsiyar. Ba ta yi murmushi ba. Ta kalli tafin hannunta ta ce, "Ai in babu kowa ya fi tsanani."

Ban san yadda na gama sauran tambayoyin ba. Kujerar ƙarfen nan ta lungu kawai nake gani. Ɗakinmu ciki da falo ne, ƙofa a rufe, daga ni sai shi sai yarinya. Wa yake jin kunya a nan?

A hanyar dawowa Sista ta zungure ni. "Ke amaryar littafi, yau wa ya mutu a labarin?"

Na gaya mata komai, har zannuwan. Muna wuce gadar jirgi ta ce, "Kin karanta wa ƙartin Kano tambayar nan, kin kasa karanta wa mutum ɗaya? Ki tambaye shi. Littafin ba shi ya aure ki ba."

Ranar Lahadi da hantsi gidan hayarmu ya yi tsit, maƙwabtanmu 'yan kudancin Kaduna sun tafi coci, sauran sun tafi biki. Yana zaune a kujerarsa yana goge fitilar keke. Na shimfiɗa tabarma, na zaunar da yarinya a tsakiya, na tashi na rufe ƙofa na sa sakata.

Ya ce, "Lafiya? Da wannan zafin?"

Na ce, "Malam, Inna ba ta nan. Babu kowa. Ga 'yarka."

Yarinyar kamar ta ji, ta kama rarrafe ta nufe shi tana dariya da haƙoranta biyu. Ya ɗage ƙafafunsa sama, ya manne da bango. A lokacin na kalli fuskarsa da kyau, ba irin kallon da littafi ya koya mini ba. Gumi ne yake tsattsafo masa a goshi. Ban ga ƙi ba. Tsoro na gani, irin na wanda ya hango maciji.

"Ɗauke ta, don Allah. Ɗauke ta."

Na ɗauke ta na zauna a ƙasa kusa da ƙafar kujerar. Na ce, "Me kake jin zai faru?"

Ya sauke ƙafafunsa ƙasa. Da ya fara magana kuwa sai ta zubo. Ranar da aka haife ta, da aka miƙa masa ita ya yi mata kiran salla a kunne, ya ji danshi a hannun rigarsa. Ya wanke wajen, zuciyarsa ta ce bai fita ba. Ya wanke rigar duka, ta ce ai hannunsa ya taɓa hula, hular ta taɓa darduma. Ya rama sallolin ranar, ya sake ramawa. Rigar nan sai da ta yage a wajen wanki ya jefar da ita a bola a ɓoye. Daga nan ya ga in ya sake ɗaukarta, najasa za ta bi shi masallaci, ta shafi na kusa da shi a sahu, ya ɓata sallar mutanen da ba su ji ba su gani ba. Abin ya daɗe tare da shi, tun yana cikin fatu a Challawa. Ya gano in bai taɓa ba, ba sai ya wanke ba.

Ya ce, "Daga nan ina jin ƙamshin kanta. Kullum. Kin san abin da yake cikin raina in tana miƙo mini hannu?"

Na yi kuka, amma ba irin na littafi ba, irin mai majina. Da na natsu sai wata tambaya ta taso mini, ban iya danne ta ba. "To barin Challawa da ka ce don ni ne?"

Ya sosa ƙeya. "Rabi don ke ne."

"Keken fa?"

"Keken ba don ke ba ne."

"Abincin?"

"Abincin wallahi don ke ne. Kin taɓa cin miyar bakin kamfani?"

Muka yi dariya mu biyu, yarinya tana kallonmu ta kama tata.

Bai so zuwa asibiti ba, ya ce za a ce ya haukace. Sista ce ta tare shi a bakin get ta ce ita ta ga mahaukata, ba sa goge fitilar keke. Likita ta karɓe shi ba tare da ta sa ni a tsakani ba, abin da suka tattauna nasu ne. Abin da na sani shi ne ta tura shi wajen limamin unguwarmu ya tambayi iyakar abin da addini ya ɗora masa. Liman ya ce masa in ya ga najasa da idonsa ya wanke wajen sau ɗaya ya wuce, kokwanto kuwa ba a gina hukunci a kansa. Likita kuma ta ba shi aiki a gida. Da farko zanen goyon yarinyar kawai zai riƙe, ya zauna da shi a cinya, ba zai tashi ya wanke hannu ba sai tsoron ya sauka da kansa. Na gan shi da zanen atamfa a hannu kamar an ba shi garwashi. Wata rana ya ci nasara, wata rana in ji ƙarar buta a bayan ɗaki, in yi kamar ban ji ba, don haka Likita ta ce mini. Daga zane ya koma riƙe ƙafarta. Daga ƙafa ya koma ɗora ta a gwiwa, a miƙe, nesa da jikinsa, kamar mai riƙe da tire na kamfani.

Wani yammaci bayan la'asar tana kan cinyarsa yana yi mata waƙar da ya ƙirƙira, wadda ba ta da kai ba ta da gindi, sai na ga ya sandare. Wandonsa ya yi duhu a gwiwa, ta yi masa fitsari. Na miƙa hannu zan karɓe ta, ya girgiza kai. Ya ƙarasa waƙar har ƙarshe. Sannan ya ba ni ita, ya fita ya zuba wa wajen ruwa, ya dawo. Na kasa kunne ko zan sake jin buta. Ban ji ba.

Washegari na kwaso zannuwana daga Hotoro. Mahaifiyata ta ɗaure mini su da kanta, ta ce, "Dama na ce ajiya kika kawo." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Ba zan ce ciwon ya tafi gaba ɗaya ba. Har ya tsufa akwai ranakun da yake dawo masa, sai dai ya san sunansa, ya san kuma abin yi. Likita ta gama zagayenta na biyu, ta ce yanzu ma'aunin yana raba mai kunya da mai ciwo. Bayan 'yan shekaru aka yi wa mijinta canjin aiki suka bar Kano. Ban san inda takardar ta ƙare ba, ko an buga ta ko tana cikin wani akwati. Ina yi mata addu'a har yau, ita da Sista, da matar nan ta masaƙa, da dattijon Challawa wanda ya yarda aka yi masa dariya. Littattafan ma ban yar da su ba. Su suka sa na iya karatu da murya mai daɗi har aka zaɓe ni.

Ba da daɗewa ba bayan ranar wandon, surukata ta kawo mana ziyara daga ƙauye. Yarinyar ta fara tafiya, ta taho da gudu ta rungume ƙafar ubanta. Ya mayar da hannayensa baya, ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar bai san da ita ba. Inna ta dube ni cike da alfahari ta ce, "Kin gani ko? Ubansa sak."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Da yamma ya raka ta tasha ya sa ta a mota. Ya dawo, ya jingina keke, ya cire hula ya rataye. Yarinyar tana tsakar ɗaki da ludayi a hannu. Ya dube ni ya ce, "Ke, rufe mana ƙofar nan."